Ladabi Abin Koyarwa Ne: Yadda Manyan Makarantun Sakandaren Amurka Suka Jarraba Wata Hanyar Horo

 

GABATARWA

Babu makarantar da ba ta da dokoki, babu kuma makarantar da ba a karya dokokinta. Tambayar da ta daɗe tana damun masu sha'anin ilmi ita ce: in saurayi ko budurwa mai shekara 16 ya ƙi zuwa aji a kan lokaci, ko ya mayar wa malami baƙar magana, me ya kamata hukumar makaranta ta yi? Yau ina so in kawo muku labarin wata amsa da aka bayar a ƙasar Amurka, watau tsarin da ake kira PBIS a taƙaice, wanda za mu iya fassara shi da tsarin ƙarfafa kyakkyawar ɗabi'a a makaranta baki ɗaya. Zan fi mai da hankali ga manyan makarantun sakandare, domin a nan ne tsarin ya fi shan wuya, a nan ne kuma ya fi ba da darasi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san cewa babbar sakandare a Amurka shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa aji na 12, ɗalibanta kuwa 'yan shekara 14 ne zuwa 18. Ƙasa da ita akwai makarantar midil, yawanci daga aji na 6 zuwa na 8, sa'an nan firamare.

Maganar da zan kare a gabanku guda ɗaya ce. Wannan tsari sunansa yana nuna ɗalibai, amma aikinsa na farko a kan malamai yake. Makarantar da manyanta suka kasa haɗa baki a kan abin da suke so, da yadda za su koyar da shi, ba za ta ga canji wajen yaranta ba, kome yawan takardun da ta manna a bango.

ZAMANIN KORA

Domin mu gane dalilin ɓullowar wannan tsari, sai mu dubi abin da ya tarar. A shekara ta 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa wata doka wadda ta tilasta wa jihohi su kori duk ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga, korar da ba za ta gaza shekara guda ba. Babu mai jayayya da hikimar raba bindiga da makaranta. Amma hukumomin ilmi na gundumomi da yawa sun ɗauki wannan ƙa'ida ta rashin sassauci suka shimfiɗa ta a kan laifuffuka iri iri, tun daga faɗa da shan taba har zuwa rashin kunya. Bayan kisan da wasu ɗalibai biyu suka yi a makarantar Columbine ta Jihar Kolorado a 1999, tsoro ya ƙaru, hannun hukuma kuma ya ƙara nauyi.

Me aka girba? A 2011 aka fito da wani babban nazari a Jihar Teksas, wanda ya bi sawun ɗalibai kusan miliyan ɗaya daga aji na 7 zuwa na 12. An tarar kusan kashi 60 cikin 100 an taɓa dakatar da su ko an kore su aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi ban mamaki, kashi 3 cikin 100 ne kaɗai na hukunce-hukuncen suka shafi laifin da dokar jiha ta wajabta kora a kansa; sauran duka ganin damar hukumar makaranta ne. Har wa yau nazarin ya nuna cewa ɗalibin da aka dakatar ya fi zama cikin haɗarin maimaita aji, da barin makaranta, da shiga hannun kotun yara. Tun a 2008 ma wani kwamiti na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ya duba shaidun da ake da su, ya ce bai ga hujjar cewa wannan tsanani ya sa makarantu sun fi zaman lafiya ba.

Dalilin a fili yake in an yi tunani. Yaron da karatu ya gagare shi, aji ya zame masa wurin jin kunya, in aka ce ya tafi gida kwana uku, an ba shi abin da yake nema ne. Zai komo ya tarar an wuce shi, karatun ya ƙara gagararsa, ya sake yin laifin da zai fitar da shi. Malamin shi ma ya sami hutun kwana uku daga mai damunsa, saboda haka gobe hannunsa zai fi saurin kai wa ga takardar ƙara. Kowa ya koyi wani abu, sai dai ba abin da ake so a koya ba.

ASALIN TSARIN

Tushen tsarin ya girmi zamanin kora. A 1968 wasu masana uku, Madsen da Becker da Thomas, suka jarraba abubuwa uku a azuzuwan firamare: kafa dokoki, da kau da kai daga ƙananan laifuffuka, da yaba wa yaro in ya yi daidai. Suka tarar dokoki su kaɗai ba su canja kome sosai ba, amma da yabo ya shigo sai hayaniya ta ragu. A 1983 Roy Mayer da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani aiki a makarantu 18 na yankin Los Anjeles, inda aka horar da malamai su rage dogaro da hukunci su ƙara lura da alheri; kuɗin gyaran ɓarnar da ɗalibai ke yi wa kayan makaranta ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100.

Wani reshen tushen ya fito ne daga masu aiki da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa, waɗanda a da akan yi musu horo mai tsanani in suna cutar da kansu ko waninsu. A cikin shekarun 1980 masana irin su Edward Carr suka nuna cewa mummunar ɗabi'a tana da amfanin da take yi wa mai ita: ko tana jawo masa kulawa, ko tana kuɓutar da shi daga aikin da ya fi ƙarfinsa. In aka gano amfanin, aka koya wa yaro hanya mai kyau ta samunsa, sai mummunar ta rasa dalilin zama.

A Jami'ar Oregon ne aka ɗauki wannan tunani daga kan yaro guda aka ɗora shi a kan makaranta sukutum. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai Robert Horner da George Sugai. Misalin da ya yi suna shi ne na makarantar midil ta Fern Ridge a Jihar Oregon, mai ɗalibai kimanin 530. A shekarar karatu ta 1994 zuwa 1995 malamanta sun rubuta takardun kai ƙara ofis fiye da 2,600. A ƙaddara kowace takarda ta ci wa mataimakin shugaban makaranta minti 15 kawai, to, an ƙone awa 650 ke nan a kan sauraron ƙara. Malaman suka zauna suka amince da ƙa'idoji biyar. Da aka komo hutu, sai aka karkasa ɗalibai aka zaga da su aji, da baranda, da ɗakin cin abinci, da ɗakin wasanni, da wurin shiga mota, ana nuna musu a aikace yadda kowace ƙa'ida take a kowane wuri, ana sa su gwadawa. Duk shekarar kuma malamai suna ba da tikitin yabo ga wanda suka gani yana bin ƙa'ida. Takardun ƙara suka sauko zuwa kimanin 1,500, watau ragin kashi 42 cikin 100 a shekara guda.

A 1997 aka yi wa dokar ilmin yara masu naƙasa ta Amurka gyara, aka ambaci irin wannan hanya a cikinta. A 1998 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da kuɗi aka kafa cibiyar ƙasa domin taimaka wa jihohi su aiwatar da tsarin. Zuwa 2018 makarantun da suka ɗauke shi sun haura 25,000, ƙasashe irin su Norwe da Ostareliya da Niyu Zilan kuma sun yi nasu samfurin. Amma mafi yawan waɗannan makarantu na firamare ne; manyan sakandare 'yan kaɗan ne a cikinsu.

MATAKAI UKU

An ari siffar tsarin ne daga ma'aikatan kiwon lafiyar jama'a, waɗanda suka daɗe da sanin cewa rigakafi ya fi magani. Mataki na farko na kowa da kowa ne. Makaranta takan zaɓi ƙa'idoji uku zuwa biyar, gajeru, masu faɗin abin da ake so a yi maimakon jera abin da aka hana. Misali girmama mutane, da riƙon amana, da zuwa a shirye. Sa'an nan a fassara kowace ƙa'ida zuwa aikin da ido zai iya gani a kowane wuri. Zuwa a shirye a aji yana nufin kana kan kujerarka da littafinka kafin ƙararrawa ta yi shiru. A koyar da wannan kamar yadda ake koyar da lissafi: a bayyana, a nuna, a gwada, a gyara, a maimaita. A yaba wa wanda ya yi daidai, a faɗa masa takamaiman abin da ya yi. Hukunci kuwa yana nan, ba a soke shi ba, sai dai an rubuta a fili wane laifi ne malami zai magance a ajinsa, wane ne kuma zai kai ofis. Ana sa ran wannan mataki zai wadatar da kimanin kashi 80 cikin 100 na ɗalibai.

Mataki na biyu na kimanin kashi 15 ne, waɗanda suka fara tuntuɓe. Sanannen abin da ake yi musu shi ne, ɗalibi ya fara yininsa da gaisawa da wani babba da ya yarda da shi, ya karɓi kati, kowane malami ya sa masa maki a ƙarshen darasi tare da 'yar magana, da tashi kuma ya komo wurin babban nan su duba yadda yinin ya kasance. Mataki na uku na kimanin kashi 5 ne, waɗanda sai an zauna an binciki dalilin ɗabi'ar kowannensu, an shirya masa nasa shiri tare da iyayensa, wani lokaci har da likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Abin da ke riƙe da matakan uku shi ne alƙaluma. Kowace takardar ƙara ana shigar da ita kwamfuta, kwamitin makaranta kuma yakan zauna aƙalla sau ɗaya a wata ya tambaya: ƙara nawa ake samu a yini, wane irin laifi, a ina, da ƙarfe nawa, su wane ne? In aka ga rabin faɗace-faɗace a baranda guda suke faruwa bayan cin abincin rana, to, ba a bukatar wa'azi ga makaranta duka. Malamai biyu ake bukata su tsaya a barandar nan a wannan lokaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, alƙaluman kuwa tsagar suke nunawa.

ABIN DA YA SA SAKANDARE TA FI WUYA

Yanzu mun iso zuciyar magana. Brigid Flannery ta Jami'ar Oregon, wadda ta daɗe tana nazarin wannan fanni, ita da abokan aikinta sun nuna abubuwa uku da suka bambanta babbar sakandare da firamare: girma, da al'adar ma'aikata, da shekarun ɗalibai.

Mu fara da girma. A firamare yaro yana wuni da malami guda, malamin ya san sunansa, ya san ranar da ya zo da yunwa. Malamai ashirin ko talatin suna iya zama a ɗaki ɗaya su yanke shawara. Babbar sakandare kuwa tana iya ɗaukar ɗalibai 2,000 da ma'aikata fiye da 100. Ɗalibi yana ganin malamai shida ko bakwai a yini, malami kuma yana iya ganin ɗalibai 150. To, a ce malamin darasin farko yana rufe ƙofa da zarar ƙararrawa ta kaɗa, na biyu yana yafe minti biyar, na uku ba ya kiran suna sam. Mece ce dokar makara a wannan makaranta? Babu ita. Abin da ɗalibi zai koya shi ne halin kowane malami, ya san inda zai yi wasa da inda zai kame. In an hukunta shi kuma, ba zai ga ya karya doka ba, zai ga ya yi rashin sa'ar malami ne.

Na biyu, al'adar ma'aikata. Malamin sakandare yana ɗaukar kansa masanin fanni: shi malamin kimiyya ne, ko na tarihi, biyayyarsa kuma ga sashensa take kafin makaranta. Da yawansu suna ganin ladabi aikin iyaye ne da na firamare, wanda ya kai shekara 16 ya riga ya san daidai, in ya ƙi yi to ganganci ne. Suna kuma tambaya: don me za a yaba wa mutum a kan abin da yake wajibinsa ne? Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, kuma ba a kashe ta da umurni daga sama. Amsar da masu tsarin ke bayarwa ita ce, sani daban, iyawa daban, sabo kuma daban. Malamin lissafi ba ya korar ɗalibi domin ya manta abin da aka koya masa bara, yakan maimaita. Ɗaliban aji na 9 kuwa daga makarantun midil dabam dabam suke tahowa, kowace da irin abin da ta saba yarda da shi. Saboda wannan ne aka shar'anta cewa kada a fara sai kimanin kashi 80 cikin 100 na ma'aikata sun amince, shugaban makaranta kuma ya shiga kwamitin da kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, shekarun ɗalibai. Yaron firamare yana murna in malami ya kira sunansa a gaban aji ya manna masa tauraro. Saurayi mai shekara 17 yana iya jin wannan a matsayin tozarci a gaban abokansa. A wannan shekaru mutum yana neman a san ya girma, ra'ayin tsararsa ya fi masa nauyi a kan na manya, kuma yana saurin gano rashin adalci. Laifuffukan ma sun canja kama: a manyan sakandare abin da ya fi cika takardun ƙara shi ne makara, da gudun aji, da taurin kai. Bugu da ƙari, ɗalibin yana da wata ƙofa da yaron firamare ba shi da ita, domin dokokin jihohi sun yarda ya bar makaranta in ya kai shekara 16, ko 17, ko 18, gwargwadon jihar. Wanda aka matsa wa ba lalle ne ya gyaru ba. Yana iya tafiya, ba kuwa zai komo ba.

HANYOYIN DA AKA BI

In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Makarantun da suka ci nasara sun riƙe ginshiƙan tsarin, amma sun sake masa tufafi. Zan kawo hanyoyi huɗu.

Ta farko, sun fara da manya. Maimakon kwamiti guda ƙarami, sukan kafa kwamiti mai wakili daga kowane sashe, har da masu gadi da ma'aikatan ofis da na ɗakin abinci, domin su ma suna ganin ɗalibai kullum. Sukan ɗauki shekara guda cur suna shiri kafin su faɗa wa ɗalibai kome. Sukan kuma nuna wa malamai alƙaluman makarantarsu, su lissafa musu darussa nawa aka yi hasara saboda makara. Malamin da bai damu da zancen tarbiyya ba yana damuwa da lokacin darasinsa.

Ta biyu, sun zaɓi matsala guda suka fara da ita, yawanci makara. Ana amincewa da ma'ana guda ta makara, kowane malami ya tsaya bakin ƙofarsa lokacin canjin darasi yana gaishe da masu shigowa da sunansu, a fara darasi nan take da wani ɗan aiki mai maki, domin zuwa da wuri ya zama yana da riba. In malamai suka ga abu guda ya gyaru a zango guda, shakkarsu takan ragu, sa'an nan a ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta uku, sun sa ɗalibai cikin aikin. Ɗalibai sukan zauna a kwamiti, su taimaka wajen zaɓen kalmomin ƙa'idoji, su shirya gajerun finafinan da ake koyar da su, manyansu kuma su koya wa sababbin shiga. Su ne kuma ke faɗin irin ladan da ke da daraja a idonsu: wurin ajiye mota kusa da ƙofa, ko tikitin kallon wasan ƙwallo, ko izinin fita cin abinci kafin layi ya yi tsawo, ko wasiƙar yabo zuwa ga iyaye. Sau da yawa kalma guda da malami ya faɗa a keɓe ta fi duk waɗannan. Dokar da mutum ya sa hannu wajen kafa ta, yana jin nauyin karya ta.

Ta huɗu, sun zuba ƙarfinsu a aji na 9. Dalilin wannan ya fito ne daga binciken da Elaine Allensworth da John Easton suka yi a makarantun birnin Shikago, wanda aka buga a 2005. Sun tarar ɗalibin da ya gama aji na 9 ya ci darussan da ake bukata, bai faɗi fiye da zango guda a manyan darussa ba, kashi 81 cikin 100 na irinsa suna kammala sakandare cikin shekara huɗu. Waɗanda suka kasa wannan kuwa, kashi 22 ne kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka kwamitin babbar sakandare ba ya tsayawa ga takardun ƙara kawai. Yana haɗa su da rajistar zuwa makaranta da sakamakon darussa, domin ɗalibin da ke shirin ficewa sau da yawa ba mai hayaniya ba ne, shiru yake yi yana janyewa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Lalle ne mu auna wannan tsari da ma'aunin gaskiya. A firamare shaidar tana da ƙarfi. Catherine Bradshaw da abokan aikinta sun raba makarantu 37 na Jihar Merilan gida biyu ta hanyar ƙuri'a, suka bi su shekara biyar, rahotonsu na 2010 kuma ya nuna raguwar kai ƙara da dakatarwa a makarantun da aka horar. A sakandare, Flannery da abokanta sun ba da rahoto a 2014 a kan makarantu 12 masu ɗalibai fiye da 36,000 cikin shekara uku: takardun ƙara sun ragu a takwas da suka aiwatar da tsarin, sun ƙaru a huɗun da aka kwatanta da su, kuma gwargwadon cika ƙa'idojin tsarin gwargwadon raguwar. Jennifer Freeman da abokanta sun duba manyan sakandare 883 a jihohi 37, suka tarar aiwatar da tsarin yadda ya kamata yana tafiya tare da ƙarancin ƙara da kyautatuwar zuwa makaranta, amma ba su ga ya ɗaga sakamakon jarrabawa kai tsaye ba. Sa'an nan a 2021 Bradshaw ta fito da sakamakon gwajin ƙuri'a a manyan sakandare 58 na Merilan. Canjin da ya fito fili a azuzuwa shi ne, malamai sun rage dogaro da tsawa da martani bayan laifi ya auku. Ku lura da wannan: ɗabi'ar da aka fara ganin ta canja, ta malamai ce.

Akwai kuma suka, kuma ya kamata a saurare ta. Alfie Kohn, a littafinsa na 1993 a kan illar lada, yana ganin wanda aka saba ba shi tukuici domin ya yi alheri zai bar alherin ranar da tukuicin ya yanke. Masu tsarin suna amsawa cewa amfanin tikiti shi ne ya tuna wa malami ya ɗaga kai ya ga mai yin daidai, kuma ya kamata a riƙa janye shi sannu a hankali. Duk da haka, makarantar da ta mai da tsarin rabon tikiti kawai ta ba Kohn gaskiya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Alƙaluman gwamnatin Amurka da aka fitar a 2014 sun nuna ana dakatar da ɗalibai baƙaƙen fata ninki uku na fararen fata. Tun a 2002 Russell Skiba da abokansa suka nuna cewa an fi kai fararen fata ƙara a kan laifin da kowa zai iya gani, kamar shan taba ko ɓarna, baƙaƙe kuwa a kan laifin da ya dogara ga fassarar malami, kamar rashin kunya ko surutu. Makaranta tana iya rage jimillar ƙararrakinta alhali wannan giɓi yana nan. Maganinsa sai an rarrabe alƙaluma bisa ga jinsi da launi, an fayyace ma'anar kalmomi irin su rashin kunya, an kuma tambayi iyaye da ɗalibai ko girmamawar da aka rubuta a bango ita ce wadda suka sani a gida. Daɗin daɗawa, wani babban gwaji da Ma'aikatar Ilmi ta ɗauki nauyinsa a makarantun firamare 89, wanda aka buga a 2022, bai sami canji ga ɗalibai gaba ɗaya ba, sai ga kashi 15 cikin 100 da suka fi fama da matsala tun farko. Wannan ya isa ya hana kowa ɗaukar tsarin a matsayin maganin kowace cuta.

KAMMALAWA

Shugaban taro, jama'a, wannan tsari an ɗinka shi ne daidai jikin makarantun Amurka, da dokokinsu, da kuɗinsu, da matsalolinsu, ba kuwa kowace riga ce ake ara a sa yadda take ba. Amma tambayoyin da ya tilasta wa malaman can su yi wa kansu, kowane shugaban makaranta da kowane jami'in Ma'aikatar Ilmi yana iya yin su ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In aka tsayar da malamai goma na makaranta guda aka tambaye su mece ce makara, amsa guda za su bayar? An taɓa koya wa sabon ɗalibi abin da ake so daga gare shi, ko kuwa sai ranar da ya yi kuskure yake jin dokar? Ɗalibin da ya shekara bai yi laifi ba, akwai babban da ya san sunansa? Littafin hukunci kuma, ana buɗe shi domin a gano wuri da lokacin da matsala ke aukuwa, ko kuwa ana rubutu ne a rufe?

Ga ɗaliban da ke shirin zama malamai, ku sani ranar da kuka shiga aji an ba ku darussa biyu ne, wanda ke rubuce a takardar ɗaukarku aiki, da wanda yara za su karanta a halinku. Ga ma'aikatan da ke rubuta umurni zuwa makarantu kuma, ku tuna cewa ko a Amurka babbar sakandare takan ɗauki shekaru kafin tsarin ya zauna, kuma sauya shugaba ko ɗora sabon shiri a kan wanda bai kafu ba yana iya rushe aikin. Umurni yana iya sa a manna ƙa'idoji a bango cikin mako guda. Haɗa kan malamai ɗari a kan ma'anarsu kuwa, sai an ba su lokaci, an saurari shakkarsu, an nuna musu hujja.